Inji ko Filafili: Yadda Ake Rabon Tafkunan Iyakar Amurka da Kanada

Kowace shekara, ranar Larabar ƙarshe ta watan Janairu da ƙarfe tara na safe agogon jihar Minesota, dubban Amurkawa kan tsare kwamfuta ko waya suna dakon a buɗe wani shafin gwamnati mai suna Recreation.gov. A wannan lokaci tafkunan da suke begen shiga duk sun daskare, har mutum ya iya taka ƙanƙarar ya ƙetare da ƙafa. Amma a safiyar nan ake sakin takardun izinin shiga na wata biyar, daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba. Kafin rana ta take, guraben mashigai masu farin jini sun ƙare, kuma waɗanda aka fi wawaso su ne na jirgi mai inji, domin su ne 'yan kaɗan.

Dajin da ake wannan rububi a kansa shi ne Boundary Waters, a kusurwar arewa maso gabashin Minesota, cikin gandun dajin tarayya na Superior wanda Shugaba Theodore Roosevelt ya keɓe a 1909. Faɗinsa ya kai eka miliyan 1.1, kimanin murabba'in kilomita 4,400 ke nan, ya kuma kwanta a jikin iyakar Kanada tsawon kusan kilomita 240. Tafkunan cikinsa sun haura 1,100. Babu kwalta, babu lantarki, babu gidan kowa. Mai shiga yakan tuƙa kwalekwale da filafili ya ƙetare tafki, ya fito gaɓa, ya kifa kwalekwalen a kafaɗa, ya bi siririyar hanyar dako ta cikin itatuwa har ya faɗa tafki na gaba, sannan ya koma ya ɗauko sauran kaya. A tsallaken iyaka akwai gandun Quetico na lardin Ontariyo, wanda ya ɗan fi shi girma. Wasu daga cikin manyan tafkunan, irin su Basswood da Saganaga da Lac La Croix, iyakar ta ratsa su ne ta tsakiya, sashe na Amurka sashe na Kanada.

Shekara saba'in da 'yan kai ke nan al'amarin wannan daji yana tafiya ta fuska guda: ana rage wa inji fili, ana ƙara ɗaure shiga da takarda. A ganina matakin ya yi daidai, kuma shi ya ceci wurin. Sai dai matsin da aka kora bai ɓace ba, wuri kawai ya sake. Ya taru a 'yan tafkunan da aka bar wa inji, ya koma kan shafin intanet, ya shiga wata sana'ar jigila da doka ba ta yi mata cikakken tanadi ba. Kusan duk shari'un da suka biyo baya kuwa tushensu ɗaya ne: an kafa iyaka da lamba, amma ba a tsaya an yi ƙidayar da kowa zai amince da ita ba.

Iyakar ƙasashen biyu a nan asalinta hanyar kwalekwale ce. Mutanen Ojibwe suka san ta, su suka riƙa bin ta da kwalekwalen ɓawon itace, daga 'yan asalin yankin ne fataken Faransa da na Ingila masu cinikin fatu suka koye ta a ƙarni na 18. Da Amurka da Birtaniya suka ƙulla yarjejeniyar Webster da Ashburton a 1842, sai suka ɗora layin iyaka a kan wannan hanya, suka kuma rubuta cewa ruwayenta da hanyoyin dakonta a buɗe suke ga mutanen ɓangarorin biyu. A 1854 Ojibwe suka sallama wa Amurka ƙasar a yarjejeniyar La Pointe, bisa sharaɗin ba za a hana su farauta da kamun kifi da girbin abincin daji a cikinta ba. Wato tun kafin inji ya zo, akwai masu haƙƙi a kan ruwan nan, kuma haƙƙinsu a rubuce yake.

Inji ya shigo da ƙarfinsa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙananan injinan da ake maƙalawa a bayan jirgi suka yi araha, matuƙan jiragen sama da suka dawo daga fagen fama suka sami sana'a, garin Ely da ke bakin dajin ya zama ɗaya daga cikin manyan tashoshin jiragen sama masu sauka a ruwa a nahiyar. Mai kuɗi daga Chicago ya karya kumallo a gari, ya yi abincin rana a masaukin da aka gina a tsakiyar daji, ya koma da kifi fal. Martanin gwamnati bai yi jinkiri ba. Dokar Thye da Blatnik ta 1948 ta ba da kuɗin saye masaukai da filayen mutane da ke cikin dajin, a 1949 kuma Shugaba Truman ya hana jirgin sama tashi ƙasa da ƙafa 4,000 a samansa. Da aka yi babbar dokar kare dazuzzukan da ba a taɓa ba a 1964, an saka Boundary Waters a ciki, amma da togaciya: Sanata Hubert Humphrey na Minesota ya tabbatar an bar sare katako da jirgi mai inji. Wannan togaciya ita ta haifi faɗan da aka kwashe shekara goma sha huɗu ana yi.

Me ya sa aka nace sai an kori inji? Dalilin da aka fi ambata shi ne ƙara, kuma gaskiya ne, domin sauti a kan ruwa tafiya yake yi mai nisa, inji guda ya isa ya cika tafki. Amma akwai dalilin da ya fi wannan zurfi. Dajin ba shi da shinge, nisa ne shingensa. Wahalar tuƙi da ɗaukar kaya a kafaɗa ita ke tace mutane, ita ke sa tafki na biyar ya fi na farko shiru da yawan kifi. Inji yana cinye nisa. Tafiyar wuni ta koma ta sa'a ɗaya, wanda ba ya ɗaukar kaya a bayansa kuma babu abin da zai hana shi lodi, ya zo da akwatin ƙanƙara da manyan tantuna, ya fita da kifin da mai filafili ba zai iya ɗauka ba. Sannan ga batun ƙaranci. Minesota tana da tafkuna fiye da 10,000, kusan dukkansu a buɗe suke ga inji, a 1975 ma aka kafa gandun shaƙatawa na Voyageurs a yamma da Boundary Waters, inda jirage masu inji har da gidajen kan ruwa suke kai da komo. Abin da ya yi wuyar samu shi ne faffaɗan ruwa marar inji. Mutanen biranen Minneapolis da St. Paul, da ƙungiyoyin kare muhalli da suka yi ƙarfi a shekarun 1970, a kan wannan suka kafa hujjarsu, kuma hujja ce mai nauyi.

Sai dai mutanen bakin dajin ma ba shirme suke faɗa ba. Ely garin ma'aikatan haƙar tama ne. Mahaƙarsa ta ƙarshe, Pioneer, an rufe ta a 1967, yawan jama'ar garin da ya haura 6,000 a 1930 ya riƙa zaizayewa har ya dawo kusan 3,300 a 2020. Lebura mai hutun rana ɗaya a mako ba shi da kwana bakwai da zai yi yana tuƙi. Jirginsa mai ƙaramin inji shi ke kai shi inda mahaifinsa ya koya masa jefa fatsa, ya dawo gida kafin dare. Shi a idonsa, baƙi masu dogon hutu ne suka zo suna tsara masa yadda zai shiga bayan gidansa. Zafin abin ya kai ga cewa a 1977, lokacin da kwamitin majalisa ya zo Ely jin ra'ayin jama'a, an rataye mutum-mutumin Sigurd Olson, marubucin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen kare dajin, alhali shi ma mazaunin garin ne. A 1978 ɗan majalisa Don Fraser, wanda ya gabatar da ƙudurin korar inji ɗungurungum, ya faɗi zaɓen fid da gwani na kujerar sanata, kuma ƙuri'un arewacin jihar na cikin abin da ya kayar da shi.

Dokar da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu ranar 21 ga Oktoba, 1978, sulhu ce da lauyoyi biyu suka zauna suka ƙulla, Charles Dayton a madadin masu kare muhalli, Ron Walls a madadin mutanen yankin. Ta haramta sare katako, ta taƙaita haƙar ma'adinai, ta kori motocin kan ƙanƙara in ban da 'yan hanyoyi. Ruwan da inji ke shiga ya ragu daga kimanin kashi 60 cikin ɗari zuwa kashi 33, sannan a hankali zuwa kusan kashi 24 a 1999. Ta lissafa tafkunan da sunayensu. A irin su Fall da Moose da Snowbank da Trout, da sassan Basswood da Saganaga, inji ba zai wuce ƙarfin doki 25 ba. A irin su Clearwater da wani sashe na Seagull, ƙarfin doki 10. A Loon da Little Vermilion da kusurwar kudu maso yammacin Lac La Croix ba a ƙayyade ba. Jihar Minesota ta kai ƙara tana cewa ruwan nata ne, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yi watsi da ƙarar a 1981.

A cikin dokar akwai wata jimla da ba ta ja hankali ba a lokacin, amma ita ta zama ƙashin bayan duk rigimar. Ta ce zirga-zirgar jirage masu inji a kowane tafki kada ta wuce matsakaicin abin da aka yi a shekarun 1976 da 1977 da 1978. A takarda wannan adalci ne: abin da kuka saba yi ku ci gaba, amma kada a ƙara. Matsalar ita ce bayanan waɗancan shekaru ba cikakku ba ne. Masu gidaje da masu masaukai a bakin tafki, da baƙinsu, dokar ta yafe musu neman izini a tafkin da suke zaune, don haka ba a ƙirga su yadda ya kamata ba. Hukumar Kula da Gandun Daji ta ɗauki jerin tafkunan da suke haɗe da juna a matsayin tafki ɗaya wajen wannan yafiya, sai kotu ta ce a 1999 ba haka dokar ta ce ba, yafiyar ta tsaya a tafkin da gidan yake. Nan take mutanen da ba sa cikin lissafi suka dawo suna neman gurbi a cikin kason da ba a yi shi da su ba. Hukumar ta sake lissafi a 2002 ta ƙara kason, kotu ta rushe lissafin a 2006 ta ce ba shi da tushe mai ƙwari. Duk wanda ya taɓa rabon gado babu takardar abin da mamaci ya bari ya san yadda irin wannan ke ƙarewa.

An sha irin wannan ja-in-ja a kan hanyoyin dako guda uku da manyan motoci ke jan jirage a kansu daga tafki zuwa tafki, wato Prairie da Trout da Four Mile. Kotu ta rufe su ga motoci a 1992 bayan an nuna cewa mutane na iya tura jirgi a kan taya. Shekara shida ana tayar da jijiyar wuya, har 'yan majalisa Jim Oberstar da Bruce Vento suka yi musaya a 1998: aka buɗe Prairie da Trout, aka cire inji daga tafkunan Canoe da Alder.

Inda lamarin ya fi ɗaure kai a yau shi ne jiragen jigila. Kamfanonin da ke ba da hayar kwalekwale da kayan zango suna da jirage masu inji da aka yi wa maratayi a sama. Su ɗora kwalekwalen baƙo, su kwashe shi da kayansa, su ratsa da shi tafkunan da aka yarda da inji, su sauke shi a bakin inda inji ya ƙare. Daga Moose ta Newfound da Sucker zuwa Prairie a bakin iyaka, tafiyar da za ta ci mai filafili sa'o'i, jirgin jigila ya gama ta cikin abin da bai kai sa'a ba. Haka ake yi a Saganaga, haka daga Crane zuwa Lac La Croix. Abin lura a nan shi ne, masu hawa waɗannan jirage ba masuntan Ely ba ne. Masu filafili ne, mutanen da aka kori inji domin su.

Dalilan bunƙasar sana'ar a fili suke. Binciken Hukumar Gandun Daji ya nuna matsakaicin shekarun mai kwana a dajin ya tashi daga 26 a 1969 zuwa 36 a 1991, ya kai 45 a 2007. Matasan da suka yi gwagwarmayar 1978 sun manyanta, gwiwa da kafaɗa sun fara ƙorafi, amma son dajin bai bar su ba. Hutu ya gajarta, kowa na son ya tsallake cunkoson bakin mashiga ya isa can ciki tun ranar farko. Manyan tafkuna irin Saganaga kuma in iska ta taso suna da haɗari ga ƙaramin kwalekwale. Ga kamfanonin kuwa, jigila kuɗin shiga ce mai tsoka a kakar da ba ta wuce wata biyar ba.

Tsarin da hukumar ta yi a 1993 ya ware jiragen jigila daga kason izinin inji na yau da kullum, ya ce su tsaya a matakin da suke a 1992. To amma da me ake aunawa? Wani lokaci da yawan jirage, wani lokaci da kwanakin da jirgi ya yi aiki, wani lokaci da yawan sawu, alhali jirgi ɗaya na iya yin sawu da yawa a wuni. Kuma kamfanonin ne da kansu ke kai rahoton abin da suka yi. Ƙungiyar Wilderness Watch ta kai ƙara a 2015, aka sasanta a 2017, ta sake komawa kotu a 2023 tana cewa jigilar ta zarce iyakar doka nesa ba kusa ba. Mai shari'a Nancy Brasel ta ƙi dakatar da jiragen kafin a gama sauraron ƙarar. Masu jigila suna da tasu hujjar: suna cewa su ke warwatsa jama'a zuwa cikin daji, su rage turereniya a tafkunan farko, su kuma ba tsofaffi da masu rauni damar shiga. Wannan gaskiya ce. Amma warwatsawar da suke alfahari da ita ita ce dai cinye nisan da aka yi dokar domin karewa. Tafkin da a da sai an kwana biyu a hanya ake isa gare shi, yanzu da hantsi an yada zango a bakinsa.

Ɓangaren zango shi ne inda tsarin ya fi nuna amfaninsa. A dajin akwai wuraren kwana kusan 2,000, kowanne da murhun ƙarfe da masai na rami, kuma a lokacin zafi ba a kwana sai a ɗayansu. Ayari ba zai wuce mutum tara da kwalekwale huɗu ba. Ba a shiga da abinci ko abin sha na gwangwani ko kwalba. Ba a yin sama da kwana 14 a wuri ɗaya. Daga 2024 an wajabta rataye abinci a sama ko kulle shi cikin mazubin da beyar ba zai iya fasawa ba. Takardar izini tana ɗaure mutum da mashiga guda da rana guda, amma da zarar ya shiga, inda ya ga dama zai nufa, zango kuma na wanda ya riga isa ne. Hikimar ita ce a tattara ɓarna wuri ɗaya. Ƙasar wajen siririya ce a kan dutse, inda aka yi ta kafa tanti sai ta daddale, ciyawa ta mutu, saiwoyi su fito fili. Gara wurare 2,000 su ɗauki wannan nauyi da a bar shi ya bazu a kowace gaɓa. A Quetico, inda baƙi ba su kai haka yawa ba, ba a gina irin waɗannan wurare ba, mutum na kwana inda ya samu. Muhimmancin murhu kuwa gobarar Ham Lake ta 2007 ta nuna shi: daga wutar zango ta tashi, ta cinye eka kusan 75,000 a ɓangarorin iyakar biyu.

Shekarar 2020 ta gwada ƙarfin tsarin. Annobar korona ta rufe wuraren shaƙatawa na birni, ta rufe iyakar Kanada, waɗanda suka saba zuwa Quetico suka dawo wannan ɓangare, ga kuma sababbin shiga da ba su san ladubban daji ba. Baƙi suka haura 165,000, alhali abin da aka saba gani wajen 150,000 ne. Ma'aikatan daji suka riƙa tarar da ɗanyun itatuwa a sare, shara a cikin masai, ayarin da ya rasa zango ya kafa tanti inda aka hana. A Agustan 2021 fari da gobara suka sa aka rufe dajin baki ɗaya na ɗan lokaci, abin da rabon da a yi shi tun 1976. Hukumar ta rage kason izinin kwana da kimanin kashi 13 cikin ɗari daga 2022, daga ayari 285 a rana zuwa 248.

Ragin ya sauƙaƙa wa ƙasa, amma ya haifar da wata cutar. Da mutane suka ga gurbi ya yi wuya, sai suka koma kame takardu fiye da buƙatarsu tun cikin Janairu, su bar zaɓi sai lokaci ya matso. Abin ba ya cin su komai. A 2025 kuɗin shiga dala 16 ne ga babba, dala 8 ga yaro, kuɗin kama gurbi dala 6, wanda ya soke da wuri kuma dala shidan kaɗai zai rasa. Takardun da ake sokewa sun haura 10,000 a shekara, da yawa a ƙurarren lokacin da wani ba zai iya shirya tafiya ba, ban da waɗanda ba sa sokewa kuma ba sa zuwa. Sakamakon shi ne shafin intanet ya nuna an cika, tafki kuwa ga zango babu kowa. Wanda tsarin ya fifita shi ne mai intanet mai sauri, mai aikin da zai ba shi damar sanin ranar hutunsa wata shida kafin lokaci. Mai aikin karɓa-karɓa, da mazaunin yankin da sai ya ga yanayin sama yake yanke shawarar fita, su ke tashi a tutar babu. Gyaran wannan ba ya buƙatar sabuwar dokar majalisa. A sa sokewar ƙurarren lokaci ta yi tsada, a riƙe wani kaso a riƙa sakinsa mako biyu ko kwana biyu kafin ranar shiga.

Akwai waɗanda suka biya farashin shirun nan da rayuwarsu ta yau da kullum, bai kamata a manta da su ba. Dorothy Molter, ma'aikaciyar jinya da ta shafe sama da shekara hamsin a tsibirinta a tafkin Knife, sai da jama'a suka tsaya mata kafin gwamnati ta bar ta ta ƙarasa rayuwarta a can. Da aka hana inji isa wajenta, masu sa kai ne suka riƙa taimaka mata da kayan masarufi, har ta rasu a 1986, ita ce mazauniyar dajin ta ƙarshe. A ɓangaren Kanada nauyin ya fi haka. Al'ummar Ojibwe ta Lac La Croix, wadda a lokacin ko hanyar mota ba ta da ita, da jagorancin baƙi masu kamun kifi take ci. Da Ontariyo ta hana inji a Quetico a shekarun 1970, tukunyarsu aka taɓa. Gwamnatin lardin ta nemi gafararsu a 1991 a kan yadda aka yi musu tun kafa gandun, a 1994 kuma aka ƙulla yarjejeniyar zaman tare wadda ta ba jagororinsu damar amfani da inji a wasu tafkuna. Mai filafili da ya ji ƙugin inji daga tsallaken Lac La Croix na iya jin haushi, amma ya sani cewa mai riƙe da injin kakanninsa ne suka fitar da hanyar da yake bi.

Ƙetare iyakar kuma ya zama wani tarin takardu. Tun da babu jami'an shige da fice a tsakiyar daji, Kanada ta daɗe tana ba da wata takarda ta musamman ta ƙetarawa ta wuraren da babu tasha, wadda ake nema tun kafin tafiya. Lokacin da ake ba da ita, mai son zuwa Quetico daga Minesota sai ya haɗa ta da izinin Quetico, da lasisin kamun kifi na Ontariyo in zai jefa fatsa, da izinin ɓangaren Amurka, in ya dawo kuma ya sanar da jami'an kwastan. An dakatar da takardar a 2020, ta dawo a 2022, aka sake tsayar da karɓar sababbin buƙatu a Satumbar 2024. Duk lokacin da wannan ƙofa ta ƙuntata, jama'ar da za su bazu a Quetico sai su taru a ɓangaren Amurka. Ruwa ɗaya ne, kifi ɗaya, har ma annobar ɗaya, domin ƙwaron ruwa mai ƙaya da ya zo daga Turai ya riga ya shiga Saganaga da Basswood ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Amma hukumomin ƙasashen biyu kowace da nata lissafin.

Ba na cikin masu cewa a ƙarasa korar inji daga kashi 24 da suka rage. Alƙawari aka yi wa mutanen yankin a 1978, sun kuma ba da abu mai yawa kafin su karɓe shi. Haka kuma ba na cikin masu cewa a sassauta, domin ruwa marar inji in ya tafi ba a ƙera wani. Abin da ya rage shi ne a cika alƙawarin ta fuskoki biyun, kuma hakan ba zai yiwu ba muddin wani rukuni na jirage yana wajen lissafi. A 2024 Hukumar Gandun Daji ta fara tattara ra'ayin jama'a domin sabunta tsarin tafiyar da dajin, wanda galibinsa tun 1993 yake. Aikin da ya kamata ta fara da shi shi ne ta zaɓi ma'auni guda, wato sawun jirgi, ta sa na'urar bin sawu a kowane jirgin jigila maimakon dogaro da rahoton mai shi, ta haɗa sawunsa da na masunci da na mai gida a lissafi ɗaya na kowane tafki, ta kuma wallafa alkaluman a ƙarshen kowace kaka. In lissafin ya nuna an wuce iyaka a jerin tafkunan Moose, a rage sawun jigila a can kafin a taɓa gurbin masunci, a kuma ware wani kaso na sawun da ya rage ga tsofaffi da masu naƙasa.